Tattasan Gradimir da Abin da Ke Ƙarƙashinsa

Gradimir bai ji labarin daga bakin kowa ba sai Bora mai kafana, gidan shan kofi da giya na garin. Shi kuwa Bora in ya sami mummunan labari, riƙe shi yake a kumatu kamar alewa, sai mai shi ya zauna ya kai kofi baki sannan ya sako.

"Gwani, ashe an yi maka ritaya?"

Gradimir ya ajiye kofin. "Wa ya isa?"

"Kwamitin bikin tattasai. Bana ba za a zana ƙyallen biki da hannu ba. Inji zai buga."

Shekara talatin cif Gradimir ke zana ƙyallen nan mai tsawon mita goma sha biyu, wanda ake ɗaurewa daga benen gidan waya zuwa na kantin magani duk watan Satumba. A kusurwar dama yakan rubuta sunansa da harufan da suka ɗan fi na sunan garin kauri. Duk allon shago a garin nan namu na kudancin Sabiya hannunsa ne, daga na mahauci har na mai gyaran takalma. Shi ya raɗa wa kansa suna Gwani, jama'a suka karɓa don ya fi sauƙi a kan gardama da shi.

Ya juya wajen teburin taga inda shugaban kwamitin, Tihomir, ke ɓoye fuska a bayan jarida. Tihomir kum ɗinsa ne, shi ya tsaya masa ranar aure, kuma a wurinmu wannan ya fi ɗan'uwa na jini nauyi.

"Kum! Sauke takardar nan ka kalle ni."

"Kum, wallahi ba ni ba ne," in ji Tihomir. "Ofishin gari suka ce a sayi zane a kasuwar hotuna ta intanet, da takardar izini, a kai wa Vlasta ya buga a injinsa."

"Su wa ke zana wa kasuwar?"

"Kowa. Ga maƙwabciyarka Desanka, shekara takwas ke nan tana sayar da nata a can. Nata muke shirin ɗauka."

Gradimir ya yi dariya har ya ƙware. Desanka! Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana zana furannin zanen gado a masaƙa kafin a rufe ta.

"In dai kasuwa ce ta karɓi mai furannin gado, ni ai da kiɗa za a tarye ni. Yaushe za ku zauna?"

"Ashirin ga wata."

"Mako uku. Ni mako ɗaya ya ishe ni, sauran biyun in huta. Ka faɗa a gaban jama'a: in zanena na cikin kasuwar ranar, wanne za ku ɗauka?"

Tihomir ya duba hagu da dama, ya ga babu hanyar fita. "Naka. Da sunanka a kusurwa. In babu, na Desanka."

"Bora, ka ji?"

"Na ji, Gwani. Ka san ma ta inda ake kunna kwamfuta?"

"Kai ka san ta inda ake wanke kofi?"

Akwai tsohuwar kwamfutar da 'yarsa ta bari da za ta tafi Jamus, da manhajar zane a ciki. Ya kinkime ta zuwa rumfar aikinsa ta bayan gida, ya dasa ta tsakanin gwangwanayen fenti. Matarsa Stamena ta leƙo da tsumma a hannu.

"Yau kuma wace masifa ce ta shigo mana?"

"Arziki ne ya shigo, ki matsa kar ki tare masa hanya."

A ganinsa abin ba wuya. Ya ɗauko allo, ya zana tattasai ja jawur da burushi, irin wanda za ka so ka gatsa. Ya ɗauke shi hoto da waya, ya jefa hoton cikin fayil, ya aika. Kafin la'asar duk kafana ta san an gama.

Bayan kwana biyu amsa ta zo da Turanci. Gradimir ya tabbata yabo ne, don haka bai tsaya neman fassara a ɓoye ba, ya miƙa wa Vlasta mai ɗab'i wayar a tsakiyar kafana.

"Karanta da ƙarfi, na baya ma su ji."

Vlasta ya gyara tabarau. "Sun ce sun gode. Sun ce ba su karɓa ba. Wannan hoto ne aka cusa a fayil, su kuma zanen bekta suke so."

"Ƙara dubawa, ƙila ka tsallake layi."

"Layi biyu ne duka, Gwani."

Bora ya kawo masa kofi ba a tambaye shi ba. "Sha, na ta'aziyya ne."

Lokacin gasa tattasai ne, kowane tsakar gida hayaƙi. Ya dawo ya tarar da Stamena da Desanka a gindin shinge, suna ɓare bawon gasasshen tattasai don haɗa aibar, wato dagen tattasai na kwalba da za a ci duk hunturu. Labari ya riga shi zuwa.

"Maƙwabci, sannu," in ji Desanka. "Ni ma sau shida suka kore ni kafin in shiga. Bekta ba hoto ba ne. Ɗigo kake dasawa, ka ja layi daga wannan zuwa wancan, kwamfuta ta riƙe lissafin. Shi ya sa ko ka faɗaɗa shi ya kai girman gida ba ya dishewa. In kana so in nuna maka..."

"Na sani. Gwada su nake, in ga ko suna duba aiki ko barci suke."

"To, ka ga ba barci suke ba," in ji Stamena, ba ta ɗago kai ba.

Washegari ya yi ta danne-danne har ya faɗa kan wani maɓalli da ke mayar da hoto layuka da kansa. Gradimir ya miƙe tsaye ya tafa wa kansa. Shekara takwas Desanka na dasa ɗigo ɗaya-ɗaya kamar mai shukar albasa, shi kuwa ga shi ya gano sirrin a yini guda! Ya danna. Kwamfutar ta yi nishi, fankarta ta ɗauki kuka kamar tsohuwar tarakta a kan tudu, kyanwar gidan ta fice a guje. Bayan rabin sa'a tattasai ya fito, da ɗigo dubu arba'in da ɗaya a jikinsa. Har gashin burushin da ya maƙale a fenti da ƙudan da ya sauka a allon, duk an mayar da su layi. Haka ya aika.

"Dubu arba'in da ɗaya," ya sanar a kafana. "Ku tambayi Desanka nata nawa ne. Ɗari biyu in ta yi ƙoƙari."

Wannan karon Vlasta bai jira a miƙa masa waya ba, shi ya miƙo hannu. "Sun ce ɗigo ya yi yawa. Layuka a buɗe suke, ba su haɗe ba. Akwai tarkace a warwatse. Sun kuma tambaya, mene ne wannan baƙin abin mai fiffike?"

"Tattasanka ya kamu da ƙyanda ke nan," in ji Bora.

"Giyarka ma ta kamu da ruwan famfo, wa ya yi magana?"

Mako ɗaya ya tafi. Gradimir ya haƙura ya kama linzamin kwamfuta da hannunsa, yana dasa ɗigo yana zaginsa. Kwana biyu na farko abin da ya fito ya fi kama da hantar saniya. Amma a faɗi gaskiya, mutumin hannunsa na da kyau, kai ne kawai ya yi masa yawa. Ran na biyar sai ga tattasai sosai a allo. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Ina! Gwani ba ya aika tattasai tsirara. Ya ƙara kwalbar giya a gefe da tambarin kamfaninta har da ƙananan rubutun wuya. Ya ƙara tarakta a baya, da sunan masu ƙera ta ɓaro-ɓaro. A sama ya rubuta kirarin tattasai da wasu harufa masu lanƙwasa da ya tsinta a kwamfutar. Da aka zo wurin kalmomin nema, waɗanda mai saye zai rubuta zanen ya fito masa, sai ya cika gurbin da abin da ya ga ya fi muhimmanci: Gradimir, gwani, shekara talatin, babu kamarsa, ya fi na Desanka.

Amsar ta uku ta fi sauran tsawo, Vlasta sai da ya nemi ruwa a tsakiya.

"Tambarin kamfani ba naka ba ne, ba ka da ikon sayar da shi, a cire kwalba a cire tarakta. Rubutu kuma ba ka mayar da shi zane ba, su ba su da irin harufanka, don haka a wurinsu akwatuna ne suka fito. Sannan kalmomin nema..." Ya ɗago. "Gwani, ko sau ɗaya ba ka rubuta tattasai ba?"

"Makaho ne zai saya? Ba ga tattasan nan yana gani ba?"

"In bai rubuta sunanka ba ai ba zai gan shi ba. Wa ya san sunanka a Kanada?"

"Shi ne laifin Kanada!"

Ya koma gida ya rubuta wa mai tantance zane na kasuwar wasiƙa shafi biyu, ya tambaye shi ko ya taɓa hawa tsani da gwangwanin fenti a haƙori ana iska. Aka amsa masa da layi ɗaya, an gode da ra'ayinsa.

Nan wata dabara ta faɗo masa. Mai gadin ƙofa ɗaya ne, ya za a yi ya tare mutum arba'in a lokaci guda? Ya cire kwalba da tarakta, ya kwafi tattasan sau arba'in, ya sauya wa kowanne launi. Ja, kore, ruwan ɗorawa, shuɗi, ruwan toka, har da wani mai ratsi-ratsi kamar rigar fursuna. Ya tura su gaba ɗaya.

"Ko ɗaya ya zame ya shige, an gama," ya gaya wa Tihomir.

"Kum, tattasai shuɗi?"

"A Turai komai ana ci."

"Nan ma ai Turai ne."

"Turai ta can nake nufi."

Arba'in suka tafi, arba'in suka dawo, da gargaɗi a kansu. Vlasta ya karanta a hankali, yana jin daɗin kowace kalma: zane ɗaya ne aka maimaita, wannan cika musu kasuwa da shara ne, in ya sake za a rufe masa ƙofa har abada.

Kafana ta kwashe da dariya. Bora ya riƙe kanta don kar ya faɗi. Abin da ya fi yi wa Gradimir ciwo, Tihomir ma kafaɗunsa na rawa a bayan jarida. Saura kwana biyar.

Ya shiga gida ƙafarsa na dukan ƙasa. Stamena na zuba miyar wake.

"Tsoho, ka sauke girman kan nan ka je wurin Desanka. Taku goma ne."

"In je wurin wa?"

"To zauna. Ranar biki sai ka tsaya ƙarƙashin ƙyallenta ka sha inuwa."

Bai ci miyar ba. Ya shige rumfa, ya buɗe fayil ɗin, ya ture tattasan gefe, ya kama linzami. Abin mamaki, hannun da ya yi kwana biyar yana gardama yau gudu yake kamar an shafa masa mai. Ya zana Tihomir talo-talo, ƙirji a kumbure, da ƙyallen shugabanci a wuya da jarida a baki. Ya zana Bora ɓera da gashin baki, yana tsiyaya ruwan famfo a cikin ganga. Vlasta ya fito jaki mai tabarau yana taunar takarda. Desanka gizo-gizo mai hannu takwas, kowane hannu da linzami. Ƙarƙashin kowa ya rubuta sunansa, ya kuma mayar da rubutun zane, tunda yanzu ya koyi wannan. Kowane layi a rufe, babu ɗigo ɗaya na banza. Bai taɓa aiki mai tsabta irin wannan ba.

Daga kicin ya ji ana buga murfin tukunya da ƙarfi. Ya ce ai kuwa ke ma. Ya zana agwagwar ruwa mai dogon wuya, baki a buɗe, da ɗankwalin Stamena mai ɗigo-ɗigo, ta ɗaga ludayi za ta kai duka. Ya rubuta suna. Ya kalle ta, ta yi kama ƙwarai. Ya waiga ƙofa. Ya kama agwagwar ya yi ta ƙanƙantar da ita har ta koma kamar ƙwayar riɗi, ya tura ta can kusurwa. Yanzu ko da tabarau biyu ba mai ganinta.

Zuciya ta huce, hankali ya ɗan dawo. Da yamma ya fito ya jingina da shinge kamar mai shan iska. Desanka na jera kwalaben aibar.

"Maƙwabciya, bari in gwada ki. In da wani jahili ne ya zo miki, me za ki ce masa?"

Desanka ta goge hannu a jikin zani. "Zan ce wa jahilin ya aika zane ɗaya mai kyau, ba arba'in ba. Ya rufe kowane layi. Rubutu ya mayar da shi zane. Kar tambarin kowa ya shiga. Komai ya zauna cikin shafi, kar wani abu ya leƙa waje. Kalmomin nema ya faɗi abin da ke cikin zanen: tattasai, ja, kayan miya, kaka, girbi. Sannan ya share fayil ɗin tas. Abin da ba ya so ya goge shi."

"Ko ya rufe shi."

"A'a, ya goge. Zanen nan hawa-hawa ne, shimfiɗa kan shimfiɗa. Mai saye da komai yake tafiya."

"Ke, shekara arba'in ban taɓa kankare allo ba. Allon mahauci na yanzu akwai sunayen mutum huɗu a ƙarƙashinsa, har da mai gyaran agogo, wa ya taɓa gani? Fenti mai kauri ya gama magana."

"Maƙwabci, kwamfuta ba allo ba ce. Kawo in duba maka kafin ka aika."

"Kin ci jarrabawa," in ji Gradimir da sauri, ya juya. In duba maka! Ta ga gizo-gizo?

Sabon fayil bai san yadda ake saita masa girman shafi ba, wannan ma da ƙyar ya daidaita. Gogewa kuwa, ya ɗora yatsa a maɓalli ya kalli talo-talon nan, ya ji kamar an ce ya yanka ɗansa. Sai ya yi abin da ya saba. Ya ja babban murabba'i ruwan madara ya shimfiɗe shi a kan jama'ar gaba ɗaya. Don ya tabbata, ya ƙara na biyu a kai, domin ko yaro ya san fenti hannu biyu ake yi. Ya ɗora tattasansa a tsakiya, ya rubuta kalmomin Desanka, ya aika.

Ana gobe zaman kwamiti amsa ta zo. Vlasta ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Sun karɓa."

"Ban ji ba, kunnena ya toshe."

"Sun karɓa, Gwani."

"Bora, kai ka ji? Ko in sa a rubuta maka a allo? Kum, sauke jarida! Mai tantancewar nan tun farko na san yaron kirki ne, ya ɗan tsorata ne da ganin babban aiki."

Washegari da la'asar zauren al'adu na gari ya cika fiye da yadda zaman kwamiti ya saba, domin Gradimir ya bi gida-gida yana gayyata. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Stamena ta sa ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo ta zauna a layin gaba kusa da Desanka. Vlasta ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya shiga kasuwar a gaban kowa, ya sayi zanen da sunan kwamiti, ya buɗe.

Tattasai ya cika bango. Ja, mai sheƙi, da ɗan lanƙwasa a baki kamar wanda aka tsinko yanzu. Mutane suka tafa, kuma ba tafin kara ba ne. Desanka ma ta gyaɗa kai.

Gradimir ya miƙe ba a kira shi ba. "Jama'a, wannan shi ake kira bekta. Ku da ba ku sani ba, ku saurara. Ko an faɗaɗa shi ya kai girman coci, layi ɗaya ba zai dishe ba. Wasu shekara takwas suka yi suna koyo. Ba na faɗin suna."

"Madalla, Kum," in ji Tihomir. "Alkawari kaya ne. Vlasta, akwai wata matsala wajen bugawa?"

"Babu, shugaba. Sai dai bayan nan ruwan madara. Mita goma sha biyu zai sha tawada ba dalili, ƙyallenmu fari ne. In cire shi, tattasan ya zauna kan fari."

Gradimir ya tari numfashinsa. "Ba ya ciruwa."

"Yana ciruwa mana, dannawa ɗaya ne."

"Na ce ba ya ciruwa! Ya bushe! Kwana huɗu ke nan da shafa shi!"

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Vlasta ya danna murabba'in ya goge. Bangon bai sauya ba. Gradimir ya saki numfashi, ya gode wa ranar da ya koyi hannu biyu.

"Af, guda biyu ne," in ji Vlasta. Ya sake dannawa.

Murabba'i na biyu ya ɓace. A bayan tattasai, daga wannan gefe zuwa wancan, ga talo-talo, ga ɓera, ga jaki, ga gizo-gizo, kowa da sunansa a ƙasa da harufan da ko na layin baya ya karanta ba tare da ya miƙa wuya ba.

Bora ya fara fashewa. "Shugaba! Wallahi kai ne! Har da jaridar!" Yana nunawa yana hawaye, sai idonsa ya sauka ƙasa kaɗan. Dariyar ta yanke. "Wane ne wannan da ganga?"

"An rubuta maka," in ji Tihomir, fuskarsa ta yi ja kamar abin da ke tsakiyar allon. "Kuma gangar taka ce, na gane ta."

"Ni nake zuba ruwa?"

"Ashe ba sani kawai muka yi ba, har hoto akwai!" wani ya yi ihu daga baya.

Vlasta ya matsa kusa da bango yana kallon jakin. "Tabarau ɗin ma nawa ne. Gwani, ni da nake karanta maka wasiƙu kyauta?"

Desanka ta ƙirga hannuwan da yatsa. "Takwas. Da ina da su da na gama aibar tun makon jiya." Ta juyo. "Amma maƙwabci, layukan sun rufu da kyau. Wannan ya fi tattasan."

"Kwamfutar ce!" in ji Gradimir. "Ita ta zana da kanta, akwai wani maɓalli! Ko kuma mai tantancewar ne ya cusa, tun farko ba ya ƙaunata!"

"Jiya ka ce yaron kirki ne," in ji Bora.

Vlasta ya koma kan kwamfuta ya leƙa shafin kasuwar. "Shugaba, ka zauna tukuna. Ba mu kaɗai muka saya ba. Daga jiya zuwa yau mutum uku sun riga mu."

"A ina?"

"Ba a faɗa. Ko'ina a duniya."

Tihomir ya dafa tebur. "Wato yanzu akwai wani a wata ƙasa da ya biya kuɗinsa ya tafi da ni gida ina talo-talo?"

"In ya cire bayan kawai," in ji Vlasta. "Amma yawanci cirewa ake."

"Kum," Gradimir ya sassauta murya, "tattasan dai ba shi da laifi. A goge sauran a buga shi. Ka yi alkawari a gaban jama'a."

"Wa ya yi? Ni talo-talo ne, ka taɓa jin talo-talo ya yi alkawari? Masu son zanen Desanka su ɗaga hannu!"

Hannuwa suka tashi. Bora ya ɗaga biyu. Shekara talatin na ƙyalle suka tafi cikin ƙiftawar ido, Gradimir na tsaye da kwat ɗin coci. Ya laluba hularsa, ya fara ja da baya zuwa ƙofa. Ko ba komai, ya gaya wa kansa, akwai abincin dare a gida.

"Vlasta, dakata," in ji Desanka, da idon wadda ta shekara takwas tana farautar tarkace a fayil. "Akwai ɗigo ɗaya a kusurwar can ya ɓace. Irin su ne ke ɓata aiki."

"Ƙuda ne!" Gradimir ya yi tsalle ya dawo. "Ƙuda ne a bango!"

Vlasta ya riga ya fara faɗaɗawa. Ƙwayar riɗi ta zama wake, wake ya zama ƙwai, ƙwai ya fitar da wuya. Ya ci gaba har agwagwar ta cika bango daga ƙasa zuwa rufi, baki a wangame, ludayi a sama. Gaskiyar Gwani ce, layi ɗaya bai dishe ba. Kowane ɗigo na ɗankwalin ya fito tangaram, ga kuma asalin ɗankwalin a layin gaba, a kan mai shi.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Bora ma ya sunkuyar da kai yana duba takalmansa.

Stamena ta tashi a hankali. Ta je gaban bangon, ta ɗaga kai ta kalli agwagwar daga sama har ƙasa, ta karanta sunanta. Ta juyo ta dubi Gradimir.

"Wuyan ban damu ba," ta ce. "Bakin ma na yafe, na san ina magana." Ta nuna ludayin. "Amma a hannun dama ka sa min? Shekara talatin da takwas ina zuba maka miya, Gradimir, ba ka san bahaguwa kake aure ba?"

Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa, jama'a suka dare mata hanya. Gradimir ya bi ta da gudu-gudu, hula a hannu.

"Stamena! Tsaya ki ji! Ta madubi na kalle ki, shi ya juya hannun!"

Ba ta ko waiwayo ba.

"Babu madubi a kicin ɗina."